Sunan Otacílio Ba Ya Cikin Lissafi

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da lissafi a makarantar gwamnati a Montes Claros. Na yi ritaya, amma idona bai yi ba. In na ga lambobi biyu da ya kamata su dace sun saɓa, ba na iya ɗauke kai in wuce.

A watan Mayun bara majalisar gari ta yanke shawarar ba Farfesa Iolanda Caldeira lambar yabo, kuma ba wanda ya yi mamaki. Kafin zuwanta asibitin koyarwa, in mutumin arewacin jiharmu ta Minas ya zo da gudawa mai jini da ta ƙi jin magani, sai a ce masa tsutsar ciki ce, a ba shi ƙwaya ya koma gida ya ci gaba da ramewa. Likitocinmu sun haƙiƙance cewa ciwon kumburin hanji, wanda suke kira Crohn, na masu hali ne a São Paulo, ba ruwansa da masu cin shinkafa da 'ya'yan itacen pequi. Likitar, wadda muke kira Dotora Iolanda, ita ce ta shekara tara tana bin ƙauyuka tana tattara marasa lafiya, ta rubuta abin da ta gani, aka buga a wata babbar mujallar likitoci ta ƙasar waje. Bayan fitowar maƙalar nan ne aka buɗe ɗakin allura a garinmu, mutane suka daina tafiyar awa bakwai zuwa Belo Horizonte da kunzugu a jikinsu.

Masu ciwon suna da ƙungiya, suna haɗuwa ranar Alhamis da yamma a zauren coci. Ni lafiyata ƙalau. Ƙanena Otacílio ne yake da ciwon, ya rasu shekara takwas da suka wuce, ni kuma na ci gaba da zuwa ina dafa musu kofi domin ban san yadda zan daina ba. Shugabanmu Seu Belmiro ne, tsohon mai kantin magani, wanda aka yanke wa hanji sau biyu, yake cewa abin da ya rage a cikinsa bai kai igiyar takalmi ba. Shi ya miƙo mini wani babban fayil ya ce majalisa tana son ƙungiya ta yi jawabin yabo, kuma tunda ni ce uwar lissafi, in zaƙulo lambobin da za su sa 'yan majalisa su farka daga gyangyaɗi: mutum nawa Dotora Iolanda ta duba, maƙala nawa ta rubuta, sau nawa masu bincike na duniya suka kafa hujja da aikinta.

Na kai fayil ɗin gida na baje a teburin kicin. Ba na jin Turanci, amma lamba ba ta buƙatar tafinta. Babbar maƙalar kaɗai an ambace ta sau ɗari takwas da wani abu, daga Kanada har Koriya. Ina ta rubutawa ina jin daɗi, kamar 'yata ce ta ci jarrabawa.

Sai na zo kan wata takarda guda, taƙaitaccen rahoto da ta gabatar a taron likitoci a Salvador, cikin harshenmu. Rahoton ya ce marasa lafiya ɗari da arba'in da uku ne suka fara sabuwar allura tsakanin wata kaza da wata kaza. Na duba babbar maƙalar, wadda ta fito bayan shekara biyu. Watan farawa ɗaya, watan rufewa ɗaya, asibiti ɗaya. Mutum ɗari da arba'in da biyu. Akwai fassarar taƙaitawar da wani ya yi wa ƙungiya tun tuni, an manna ta a baya, kuma a layi na ƙarshe an rubuta cewa ba a sami mutuwa ko ɗaya mai alaƙa da maganin ba.

An yi taron Salvador a watan Agusta. Otacílio ya rasu a watan Oktoba na wannan shekarar, wata shida bayan ya fara allurar.

Ƙanena gandiroba ne, shekara ashirin yana aiki a gidan yari. Ƙato ne mai son dariya, mai gasa nama ranar Lahadi yana zagin ƙungiyar ƙwallonsa. Cikin shekara ɗaya ciwon ya mayar da shi kamar sandar tsintsiya. Dotora Iolanda ta ce Crohn ne, ta rubuta allurar, amma a lokacin ba a samunta sai an sha wuya. Ni na ɗauki takardunsa na kai wa lauyan gwamnati mai kare talakawa, na yi ta sintiri har alƙali ya ba da umarnin a kawo maganin cikin kwana biyar. Ya fara samun sauƙi, ya koma cin abinci, har ya yi ƙiba a kumatu. Sai zazzaɓi ya rufe shi, cikin mako uku ya tafi. A takardar mutuwarsa an rubuta ciwon huhu. Na karɓi hakan kamar yadda ake karɓar ruwan sama.

Ranar Alhamis na jira aka watse, na nuna wa Seu Belmiro takardun biyu. Ya sa tabarau ya duba, ya cire, ya ce wataƙila kuskuren bugu ne, ko wani ya ƙaura zuwa Bahia aka cire shi. Na ce in ƙaura ce da an faɗa. Ya ce ni malamar firamare ce ko 'yar sanda. Yana dariya, amma hannunsa ya riga ya rufe fayil ɗin.

"Dona Zuleide," ya ce, "mutum ɗari huɗu ne suke zama a kujerun ɗakin allurar nan kowane wata. Akwai waɗanda suke neman dalilin rage kuɗinsa tun ranar da aka buɗe shi. Ki bar kaza cikin gashinta."

"Ka san wani abu ke nan."

"Na san ina da rai, kuma na san wa ya sa."

A hanyar gida na tuna sau biyu Dotora Iolanda ta tafi da shi taro, sau ɗaya har Rio, ya tsaya gaban likitoci yana ba da labarin igiyar takalminsa suna tafi. Ban taɓa ganin laifin haka ba sai ran nan.

Da zargi ya sami ƙofa, ba ya shigowa shi kaɗai. Na fara tuna abubuwan da na binne. Na tuna Dotora Iolanda ta zo jana'iza, ta tsaya can baya, ba ta gaishe ni ba. Na tuna bayan wata guda matar Otacílio, Cleonice, ta matsa mini in je a ɗauki hoton ƙirjina, wai kyauta ake yi wa kowa a unguwa, amma da na je ba kowa a layin sai mu da 'ya'yanta biyu. Na tuna kafin shekara ta zagayo Cleonice, wadda ba ta gama sakandare ba, ta sami aiki a teburin karɓar baƙi na asibitin koyarwa, inda masu takardu suke nema ba su samu.

Ranar Asabar na je gidanta a unguwar Major Prates. Ni na tsaya wa babbar 'yarta a baftisma, don haka comadre muke kiran juna, ko da yake tun rasuwar zumuncinmu ya zama na gaisuwar Kirsimeti. Na same ta tana wanke tsakar gida. Ta kawo kofi da biskit ɗin rogo, muka yi hirar zafi da tsadar gas. Da na ambaci lambar yabon sai ta ce ta ji. Da na ambaci ɗari da arba'in da uku sai ta tashi ta ce ta bar wake a wuta. Na bi ta kicin. Ba komai a kan wuta.

Na tambaye ta kai tsaye me ya kashe ƙanena. Ta ce abin da ke takarda. Na tambaye ta wa ya samo mata aiki. Ta juyo ta dube ni, irin kallon da ba ta taɓa yi mini ba tun tana amarya mai kunya.

"Comadre, shekara takwas kina barci lafiya. Ni ce ba na barci. Kada ki zo gidana ki tambaye ni ko an saye ni."

Ban ce an saye ta ba, amma abin da na zo da shi ke nan, kuma ta gani. Na fito ba sallama.

Mako guda na yi ina juya abin. Na yi tunanin kai wa ɗan jarida. Na yi tunanin wani likita a asibitin da kowa ya san ba sa ga maciji da Dotora Iolanda, wanda zai karɓi takardun nan hannu biyu. Har na nemi lambarsa na rubuta a bayan kalanda. Abin da ya hana ni shi ne tsohon halin aji: ban taɓa ba yaro sifili ba sai na kira shi ya nuna mini yadda ya yi aikinsa.

Sakatariyar Dotora Iolanda ta ba ni ranar Talata ƙarfe biyu, tana zaton batun jawabi ne. Ofishin ƙarami ne, fanka tana kaɗa takardu, ga hotunan cikin hanji a bango, ja da ruwan hoda kamar naman kasuwa. Dotora Iolanda ta tsufa fiye da yadda nake tunawa. Gajeriya ce, gashinta ya yi fari, tana cin ayaba a tsaye domin ba ta sami cin abincin rana ba. Ta gane ni nan take, ta kira ni da sunana.

Na ajiye takardun biyu a gabanta, na sa yatsa a kan kowace lamba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta jefar da ɓawon ayabar, ta wanke hannu, ta rufe ƙofa, ta zauna.

"Otacílio ne," ta ce. "Ni na cire shi."

Na yi zaton za ta yi musu. Na zo da shirin musu, sai na rasa inda zan sa ƙafa.

Ta ce ta cire shi ne domin ba shi da Crohn. Tarin fuka ne ya kama masa hanji, kuma a madubin duba ciki cututtukan biyu kamar tagwaye suke. Allurar tana kwantar da garkuwar jiki. Ga mai Crohn rahama ce, ga mai tarin fuka kuwa kamar a saki mugun kare ne a cikin gida. An yi masa gwajin fata bai nuna komai ba, domin jikinsa ya yi raunin da ba ya iya amsawa. Ta ɗebi ɗan naman hanjinsa ta aika ɗakin gwaji, ya lalace a hanya. Sake ɗiba da jiran sakamako zai ci wata biyu. Mutumin yana narkewa a gabanta, ni kuma kullum ina bakin ƙofarta, sai ga maganin ya iso da umarnin alƙali. Ta yi masa. Sakamakon gaskiya ya fito ne mako uku bayan an binne shi, daga samfurin da aka ɗauka a kwanciyarsa ta ƙarshe.

Na ce ke nan takardar da na karɓo daga kotu ce ta kashe shi.

"A'a. Alƙali ya ce a kawo magani, bai ce in sa masa a jijiya ba. Na san gandiroba ne, na san abin da ke yawo a gidan yari. Ya kamata in jira. Ban jira ba."

Ta buɗe durowa ta ƙasa ta fito da wata siririyar mujalla ta ƙasarmu, ta buɗe inda aka naɗe. Shafi uku ne, cikin harshenmu. Namiji, ɗan shekara arba'in da shida, ma'aikacin gidan yari. Ba suna, amma na ga ƙanena a kowane layi: nauyinsa da ya sauka daga kilo casa'in da ɗaya zuwa hamsin da takwas, ranar allura ta farko, ranar zazzaɓi. Ta rubuta kuskurenta ɗaya bayan ɗaya, ba ta ɗora wa ɗakin gwaji laifi ba, ba ta ambaci kotu ba. Ta ce tun daga nan ba a yi wa kowa allurar a asibitinsu sai an bi matakai huɗu, in da shakka kuma a fara da maganin tarin fuka a jira. Ta ce sun kama mutum goma sha tara ta haka. Wannan maƙala sau goma sha ɗaya kawai aka ambace ta a duniya, kuma ba ta cikin fayil ɗin da Seu Belmiro ya ba ni.

Na tambaye ta me ya sa ba a gaya mini ba. Ta ce ta gaya wa matarsa, ita ce mai haƙƙi, kuma Cleonice ce ta roƙe ta kada in sani, domin ni na yi shari'ar kuma za ta cinye ni. Na tambayi batun aikin. Ta ce ita ta nema mata, ba ta ɓoye ba. Mace da yara biyu, fanshon mijin bai fito ba. Ta ce in ina so in kira shi toshiyar baki, ba za ta iya hana ni ba, ita ma ta tambayi kanta.

Na koma kan layin ƙarshe na babbar maƙalar, na karanta mata da ƙarfi: ba a sami mutuwa ko ɗaya mai alaƙa da maganin ba.

"A cikin masu Crohn, gaskiya ne," ta ce.

"Da ya rayu fa? Da kin cire shi?"

Ta ce da ya rayu ba za ta taɓa sanin ba Crohn ba ne, da yana nan cikin lissafi a matsayin nasara. Ta ce ƙa'idar bincike ta yarda a cire wanda ba shi da cutar da ake nazari, amma ya kamata ta sa layi ɗaya ta faɗi an cire mutum da dalili. Ta rubuta layin, ta ce, sannan ta goge shi ana saura kwana biyu ta aika. Ta gaya wa kanta cewa ta riga ta faɗa a wani wuri. Ta san kuma waɗanda za su yanke shawarar buɗe ɗakin allura ba za su taɓa karanta wancan wurin ba.

Na fito ban san ko na tsane ta ba. Ta faɗi gaskiya, amma sai da na kama ta. Mujallar tana durowar ƙasa, ba a bango ba.

Daga nan gidan Cleonice na wuce. Na tsaya a bakin ƙofa na ce mata na sani, na kuma ce ta yafe mini abin da na zo da shi ran Asabar. Ba ta rungume ni ba. Ta ce ba tausayina kaɗai ya sa ta yi shiru ba. Akwai shekarun da ba ta iya kallon fuskata, domin ita ta so a jira, ni kuwa na ce mata ba ta san komai ba, kuma haka na faɗa, a gaban mijinta. Na manta da na faɗi haka. Ita ba ta manta ba. Muka zauna a dakali har inuwa ta tsallaka titi. Da na tambaye ta ko zan iya ambaton sunansa a jawabin, ta ce in ambata, da sharaɗin in faɗi wa ya je kotu.

Seu Belmiro ya karanta abin da na rubuta ya ce ko dai in cire sakin layi na huɗu ko a ba wani ya karanta. Na ce ya karanta da kansa in yana so, amma zan tashi daga cikin jama'a in faɗi nawa. Ya kira ni mai taurin kai irin na alfadari, ya bar mini.

Ranar bikin zauren majalisa ya cika. Na karanta ɗari takwas ɗin, na karanta Kanada da Koriya, aka yi tafi. Sannan na ce akwai wata maƙala mai shafi uku da aka ambata sau goma sha ɗaya, kuma mutumin da ke cikinta sunansa Otacílio Veloso Ruas, ƙanena. Na faɗi abin da aka ɗauka yana da shi da abin da yake da shi. Na faɗi wa ya yi masa allura, wa ya karɓo ta daga kotu, da mutum goma sha tara da suka tsira saboda shi. Na ce a babbar maƙalar mutum ɗari da arba'in da biyu ne, amma waɗanda suka miƙa hannu aka sa musu allura ɗari da arba'in da uku ne. Shugaban majalisa ya duba takardarsa kamar zai sami abin faɗa a ciki. Dotora Iolanda ta karɓi lambarta, ta ce duk abin da Dona Zuleide ta faɗa haka yake, ta zauna.

Likitan nan da ba sa shiri yana cikin zauren. Bai ɓata lokaci ba, ya rubuta wa mujallar ƙasar waje. Jami'a ta kafa kwamiti, aka yi wata biyar ana kiranta tana amsa tambayoyi, aka hana ta shugabancin wani sabon bincike da ta daɗe tana nema. A ƙarshe mujallar ta ƙara bayani na layi huɗu a ƙasan maƙalar. Ba a rufe ɗakin allura ba, ko da yake an yi makonni ana raɗe-raɗi, kuma a makonnin nan wasu 'yan ƙungiya sun daina amsa gaisuwata. Wata mata da 'yarta ke karɓar allura ta tare ni a bakin coci ta ce in wani abu ya sami yarinyar, ta san gidana. Seu Belmiro bai yi mini magana ba sai bayan Ista.

Cleonice tana zuwa wurina yanzu wasu Lahadin. Ba ma yawan zancen Otacílio.

Watan jiya na haɗu da Dotora Iolanda a babbar kasuwa, tana zaɓen cuku. Na so in kauce, ta riga ta gan ni. Ta tambayi lafiyar Cleonice da yara, na tambayi aiki, ta ce ana fama. Da mai cukun ya juya neman leda, ta tambaye ni a hankali ko har yanzu ina zarginta. Na ce wasu ranakun. Ta gyaɗa kai, ta ce ba laifi. Ta karɓi ledarta ta nufi wajen masu kayan miya, ni kuma na tsaya domin layina ya zo.